Sauraron tsagewar kankare a madatsar ruwa

Sauraron tsagewar kankare hanya ce da injiniyoyi ke bi don sanin lafiyar madatsar ruwa tun ana cikin gina ta, ta hanyar kama ƙarar da kankare ke fitarwa idan ya fara tsagewa daga ciki. Tushen dabarar ba baƙo ba ne a Damagaram, inda mai sayen tulun Mirriya kan ƙwanƙwasa shi kafin ta biya: idan ya yi amo lafiyarsa ƙalau, idan ya dushe akwai tsaga. Sai dai a madatsa ginin ne da kansa ke yin ƙarar, kuma akasarinta ta wuce kilohaz 20, iyakar jin ɗan Adam.

Tarihi

Wajen ƙarshen shekarun 1930 masu binciken ma'adinai a Amurka suka lura cewa dutse yakan yi ƙananan ƙararraki kafin ya rufta. A 1950 Bajamushe Joseph Kaiser ya gwada ƙarafa a Munich, ya gano cewa abin da ya taɓa ɗaukar wani nauyi yakan yi shiru har sai an ɗora masa wanda ya fi na farko, ka'idar da ake kira da sunansa har yau. Wajen 1959 wani injiniya Bajamushe, Hubert Rüsch, ya jarraba wannan a kan kankare.

Dalilin sauraro lokacin gini

Siminti yana fitar da zafi yayin da yake daskarewa, kuma a katanga mai kauri ciki yakan daɗe da zafi alhali fata ta huce, sai su ja juna har tsaga ta buɗe. Saboda haka ne aka binne bututun ruwan sanyi a madatsar Hoover ta Amurka, wadda aka gina tsakanin 1931 da 1936. A ƙasar da zafin rana da sanyin daren hunturu ke da tazara, wannan lokaci ne ya fi cancantar sa kunne.

Yadda ake yi

Ana manna ƙananan na'urori a jikin katangar ko a binne su ciki, su mayar da girgiza lantarki. Sauti yana tafiyar kimanin kilomita 4 a daƙiƙa cikin kankare mai kyau, don haka daga bambancin lokacin da ya isa kowace na'ura kwamfuta ke lissafa inda tsagar take.

Iyaka

Hayaniyar injuna tana rikita sakamako, kuma sautin yana raunana da nisa. Masana sun saɓa kan yawan ƙarar da za a ɗauka alamar haɗari.