Na'urorin Gano Mutum a Ƙofofi Masu Buɗe Kansu

Na'urar gano mutum ita ce ɓangaren da ke sanar da injin ƙofa lokacin buɗewa da lokacin rufewa. Galibi ƙaramin akwati ne baƙi da ake kafewa a saman ƙofofin asibitoci, filayen jirgin sama, otal-otal da manyan kantuna. Aikinta biyu ne: ta hango mai zuwa ta sa a buɗe masa, sannan ta tsare wanda ke bakin ƙofa kada a rufe a kansa. Na'urar da ta ƙware a ɗaya ba lallai ta iya ɗayan ba.

Tarihi

Tun a ƙarni na 1 Miladiyya, Heron na Iskandariyya ya bayyana dabarar buɗe ƙofar wurin bauta da wuta: zafi ya kumbura iska, iska ta tura ruwa cikin bokiti, nauyin bokitin ya ja igiya. Sai dai wannan ƙofa ba ta san ko da mutum a gabanta ba.

A 1931 injiniyoyi biyu na kamfanin Stanley Works a Amurka, Horace Raymond da Sheldon Roby, suka haɗa ƙofar da ke buɗewa idan mutum ya gitta wani zaren haske. An fara kafa ta a wani gidan abinci da ke West Haven, jihar Connecticut, saboda masu kai abinci da hannayensu ke cike da faranti. A 1954 kuma Dee Horton da Lew Hewitt suka ƙirƙiro ƙofa mai zamewa gefe a Corpus Christi, jihar Texas, garin da iska ke wahalar da ƙofofin da ake turawa gaba ko baya. Tasu da shimfiɗar roba take aiki, wadda ke haɗa wutar lantarki in an taka ta. Shimfiɗar ta daɗe ana amfani da ita, amma ruwa da datti da yawan taku na lalata ta, dalilin da ya sa daga baya aka mayar da na'urar sama.

Ire-irensu

Rada ce aka fi amfani da ita wajen buɗewa. Tana watsa igiyar rediyo, yawanci mai mita (wato yawan kaɗawa a daƙiƙa) wajen gigahaz 24, ta saurari abin da ya dawo. Idan abu na matsowa, mitar igiyar da ta dawo takan ƙaru. Idan yana nisanta, ta ragu. Wannan shi ne tasirin Doppler, wanda Christian Doppler ya bayyana a 1842. Raunin rada a bayyane yake: motsi kawai take gani. Tsoho mai sanda ko yaro da ya tsaya cik a bakin ƙofa, a wajenta ya ɓace.

Don toshe wannan giɓi ake haɗa ta da na'urar hasken infared, wadda ke jefa ɗigo-ɗigon hasken da ido ba ya gani a ƙasa, kamar labule, ta haddace yadda daɓen ke mayar da shi. Da zarar wani abu ya canja wannan yanayi, ko yana motsi ko yana tsaye, ƙofa ba za ta rufu ba. Ita ma tana da nata ciwon: daɓe mai sheƙi, ruwa da ya kwanta, ko ƙura da ta taru a gilashinta na iya ruɗa ta. Akwai wani nau'in da ba ya fitar da haske, zafin jikin mutum kawai yake ji. Kamfanin Optex na Japan ya fito da irinsa don ƙofofi a 1980.

Na'urar leza, mai harba siririn zaren haske, ta sha bamban. Lokacin da haske ya ɗauka ya je ya dawo take aunawa, ta san nisan abu kai tsaye, don haka launin ƙasa bai cika damunta ba.

Karanta niyyar mai tafiya

Tsofaffin ƙofofi na buɗe wa duk wanda ya gitta, ko da wucewa kawai yake yi. A ginin da ke bakin titi mai cunkoso wannan asara ce: sanyin ɗaki ko ɗuminsa na fita, injin na gajiya a banza. Matakin farko na gyara shi ne rada mai bambanta mai zuwa da mai tafiya, ta yadda ƙofa za ta rufu da wuri bayan an wuce. Sai aka ƙara iya watsi da masu gittawa ta gefe.

A 2014 masu bincike na Jami'ar Electro-Communications da ke Tokyo, tare da kamfanin Hokuyo, suka gabatar da ƙofar da ke amfani da leza mai auna tsawo da faɗi da zurfi. Tana bin kowane mutum, ta lissafa saurinsa da inda ya dosa, ta buɗe wa wanda ya nufo ta kaɗai. Mai sauri a buɗe masa tun daga nesa, mutum ɗaya a buɗe kaɗan, ayari a wangale. Wahalar tana wajen saitawa, domin barin mai keken guragu yana jira a waje ya fi buɗewar banza muni, shi ya sa ake karkata ga buɗewa idan akwai shakku.

Ƙa'idojin kariya

A Turai ƙa'idar EN 16005, wadda aka fara fitarwa a 2012, ita ce ke tsara amincin waɗannan ƙofofi, a Amurka kuma ANSI/BHMA A156.10. Daga cikin sharuɗɗan zamani akwai cewa injin ƙofa ya riƙa gwada na'urar kariya da kansa. In ba ta amsa ba, ƙofar ta koma yanayin da ba za ta cutar da kowa ba. Ƙofofin da ke kan hanyar tserewa daga gobara kuwa dole a iya fita ta cikinsu ko an ɗauke wuta, ko dai batir ya buɗe su, ko a iya ture su da hannu.