Hibakusha: cututtukan da suka biyo bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki

Hibakusha kalma ce ta Japananci da ake kiran waɗanda suka tsira daga bama-baman nukiliya da Amurka ta jefa a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, da Nagasaki ranar 9 ga watan. Kafin ƙarshen shekarar an kiyasta mutum kusan 140,000 sun mutu a Hiroshima, sama da 70,000 a Nagasaki. Da yawa daga waɗanda suka rayu, ciwonsu sai daga baya ya fito, domin tururin nukiliya yana ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin halitta da ɓargo ba tare da an ji zafi ba.

Tarihin bincike

A 1947 Amurka ta kafa hukumar binciken illar bam ɗin ga lafiyar waɗanda suka tsira, wadda aka fi sani da ABCC. An daɗe ana sukarta da cewa tana auna mutane, tana ɗibar jininsu, amma ba ta yi musu magani. A 1975 aka maye gurbinta da gidauniyar RERF ta haɗin gwiwar Japan da Amurka. Tun wajen 1950 ake bibiyar lafiyar mutum kimanin 120,000, kuma wannan bincike na daga cikin manyan ginshiƙan ƙa'idojin kariya daga tururi da ake bi a asibitoci yau.

Cututtuka

Sankarar jini ce ta fara bayyana, kamar shekara biyu bayan harin, ta kai ƙololuwa wajen shekara shida zuwa takwas, ta kuma fi kama yara. Wata yarinya 'yar Hiroshima, Sadako Sasaki, tana da shekara biyu aka jefa bam ɗin. Ta taso lafiya lau, har tana gasar gudu a makaranta, sannan ciwon ya kwantar da ita. Tana kan gadon asibiti tana naɗa tsuntsayen takarda har ta rasu a Oktoba 1955, tana shekara 12.

Bayan kamar shekara goma sauran nau'o'in sankara suka ƙaru: ta mama, ta huhu, ta ciki, da ta gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa. Gwargwadon kusancin mutum da inda bam ya fashe, gwargwadon haɗarinsa. An kuma ga yanar ido da tabon ƙuna mai kumburi. Jariran da tururin ya samu suna ciki, musamman tsakanin mako 8 zuwa 15, wasu an haife su da ƙaramin kai da raunin ƙwaƙwalwa.

'Ya'yan da aka ɗauki cikinsu daga baya, bincike bai nuna ƙaruwar nakasa a cikinsu ba, duk da haka an ƙyamaci iyalan wajen aure da neman aiki.

Kulawa

Sai a 1957 Japan ta yi dokar kula da lafiyar hibakusha. Batun ko za a ɗauki waɗanda baƙin ruwan sama mai ɗauke da tururi, wanda ya sauka bayan fashewar bam, ya jiƙa a wajen garin Hiroshima a matsayin hibakusha ya daɗe a kotu, har aka yanke hukuncin da ya ba su gaskiya a 2021. Ƙungiyar hibakusha, Nihon Hidankyo, da aka kafa a 1956, ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024.