Darussan AP nawa yaro zai ɗauka? Amsa ga iyayenmu da ke Amurka

Duk shekara idan lokacin zaɓen darussa ya zo a makarantun sakandare, wayata ba ta hutawa. Iyaye daga Bronx, daga Houston, daga Maryland, tambayar dai ita ce ake ta jujjuyawa. Na gaji da maimaita amsa a ƙofar masallaci da wurin suna. Don Allah a karanta wannan kafin a kira ni.

Wai mene ne AP ɗin ma?

Darasi ne mai nauyin shekarar farko ta jami'a, amma a sakandare ake koyar da shi. Hukumar College Board ce ke tsara shi. Jarrabawa a watan Mayu, sakamako a Yuli, maki daga 1 zuwa 5.

To nawa ake so ya ɗauka?

Babu adadi. Na faɗa har bakina ya gaji. Jami'a tana auna yaro ne da abin da makarantarsa ke koyarwa. Malamin da ke ba ɗalibai shawara yana tura takardar bayanin makarantar tare da sakamakon yaro, kuma a fom ɗin akwai inda ake tambayarsa ko darussan da yaron ya zaɓa suna cikin mafi nauyi. Makarantar da AP huɗu gare ta, yaro ya ɗauki uku, ya yi abin a yaba. Wadda ke da ashirin, ya ɗauki ɗaya, za a lura.

Amma ɗan maƙwabcinmu ya yi goma sha biyu.

Allah ya sa masa albarka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, Alhaji. A shekarar 2013 ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai na Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill sun binciki ɗalibansu, suka ga waɗanda suka yi darussa masu nauyi har zuwa biyar sun fi ƙoƙari a shekarar farko, amma daga biyar zuwa sama babu wani ƙari a zo a gani. Ku daina gasa da 'ya'yanku. Na ga yarinyar da sai ƙarfe biyu na dare take kwanciya, ta rame, ta daina zuwa Islamiyya, uwarta kuwa tana alfahari da yawan darussa. Wannan ba gata ba ne.

Ɗana a Kano ya yi sakandare, WAEC gare shi. Rashin AP zai hana shi shiga?

A'a. Kwantar da hankalinki, Hajiya. Jami'o'in Amurka sun san WAEC, kuma ba a tuhumar yaro kan darasin da makarantarsa ba ta koyarwa.

'Yata za ta shiga aji 11. Tana samun A a darussan yau da kullum, amma malaminta ya ce in ta shiga AP na kimiyyar sinadarai wataƙila B za ta samu. Wanne ya fi?

Wannan ita ce tambayar da ba ta da gajeriyar amsa, kuma duk wanda ya yanke miki hukunci nan take bai san 'yarki ba.

Galibi B a AP ya fi A a darasi mai sauƙi, musamman ga jami'o'in da ke tsananta zaɓe, domin nauyin darussa yana cikin abubuwan farko da suke dubawa. Amma na ce galibi. Sai a duba abin da take son karanta. Idan likitanci ko injiniya take hari, gudun sinadarai da lissafi mai zurfi zai fito fili a takardarta, gara ta shiga ta sha wahalar yanzu. Idan shari'a ko aikin jarida take so, ta zuba ƙarfinta a AP na Turanci da tarihin Amurka, ta bar sinadarai a matakin da ta saba.

Sannan a duba ko B ɗin nan B ne na gaskiya. Sau da yawa ana shiga da fatan B a fito da C, kuma darasi ɗaya mai cin awa biyu kowane dare yana jan sauran ƙasa. Aji 11 kuwa shi ne cikakkiyar shekara ta ƙarshe da jami'a za ta gani kafin ta yanke shawara, don haka faɗuwa a nan tana da tsada.

Akwai kuma lissafin maki. Wajen fitar da matsakaicin makin yaro na makaranta, makarantu da yawa suna ba A na AP maki 5 maimakon 4, wato B na AP ya yi daidai da A na darasin yau da kullum. Amma ba kowace makaranta ke yin haka ba, kuma wasu jami'o'in suna sake lissafin da kansu. Jami'ar California tana ƙara maki ɗaya kan irin waɗannan darussa na aji 10 da 11, amma a lissafinta na asali ƙarin ba ya wuce na zango takwas. A Texas kuwa, inda matsayin yaro a cikin ajinsu kan ba shi gurbi kai tsaye a jami'o'in jiha, yadda makarantarsa ke ƙirga maki zai iya sauya komai. Kin ga amsar ta danganta da jihar da kuke.

Ni da 'yata ce, zan tambayi yaran da suka yi darasin bara a wajen malamin nan, in ji awa nawa suke kashewa a mako. Zan tambayi makaranta ranar ƙarshe da za a iya sauka daga darasi ba tare da ya bayyana a takarda ba. Sannan in zaunar da ita in ji ta bakinta, tunda ita za ta yi karatun. Idan tana aiki bayan makaranta ko tana kula da ƙannenta, a sa wannan a ma'auni, kuma a rubuta shi a takardar neman gurbi, ana karantawa.

Kuɗin fa?

Kusan dala 100 kowace jarrabawa. Akwai rangwame ga iyali masu ƙaramin ƙarfi, amma sai kun tambaya. Rajista tun kaka ake rufewa, wajen Nuwamba, wanda ya makara ya biya tara.

An ce AP yana rage shekarun jami'a.

Wani lokaci. Jami'o'in jiha da dama suna ƙirga maki 3 a matsayin darasin da aka riga aka ci, wasu sai 4 ko 5. Jami'ar Dartmouth kuwa ta daina ƙirga AP cikin darussan kammala digiri tun daga ɗaliban da suka gama a 2018. Ku buɗe shafin jami'ar da kuke so ku duba da idonku, kada ku dogara da an ce.

Makarantarmu IB take yi, ba AP ba.

Daidai ne, IB shi ma tsarin darussa ne masu nauyi a sakandare, na ƙasa da ƙasa, kuma jami'o'i sun san shi sarai. Haka darussan da yaro ke ɗauka a kwalejin shekara biyu tun yana sakandare.

Ya riga ya samu gurbi. Zai iya ajiye AP ɗinsa na aji 12 ya huta?

Kada ya kuskura ba tare da ya sanar da jami'ar a rubuce ba. Da jerin darussan nan suka ɗauke shi, kuma bayan kammalawa makaranta za ta tura musu sakamakon ƙarshe. Idan suka ga ya sauke darussa ko makinsa ya zube, suna da ikon janye gurbin, kuma suna janyewa. Ya rubuta musu tukuna, ya jira amsa.