Kafin ka ba da aikin rufin gidanka: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ake cewa a nemi mai rufi na kusa?

Domin ya san ta inda iskar yankin ke kaɗowa, ya kuma sha hawa rufin da ta yaye. Ranar da ruwa ya fara ɗiga kuwa, kana da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Bayan babbar guguwa akan ga baƙi suna bi gida-gida da tayin gyara mai rahusa. Su karɓi kuɗi, su buga abin da suka buga, damina na zagayowa ka neme su sama da ƙasa ka rasa.

Ta yaya zan gane ya iya aikin?

Kada hoton waya ya ruɗe ka, sabon rufi kowane iri kyau gare shi. Ka ce ya kai ka gidan da ya rufa shekara uku ko huɗu da suka wuce. Ka shiga ciki ka ɗaga kai. Idan ka ga tabo ruwan ƙasa a kusurwar silin, ka sami amsarka. A waje ka dubi inda rufi ya haɗu da bango, da kwarin da gangara biyu suka gamu, don yawancin yoyo daga nan yake farawa. Inda doka ta wajabta lasisi da inshora, ka ga takardun da idonka, saboda faɗowa daga sama ita ce babbar barazanar wannan sana'a.

Wane irin rufi ne ya dace da yanayin da nake?

Nan ne mutane suka fi yin asara, don sukan zaɓi launi su manta da sararin sama. A bakin teku gishirin da ke cikin iska yana cinye kwanon ƙarfe da tsatsa. Kwanon Aluzinc, wanda kashi 55 cikin ɗari na abin da aka lulluɓe shi da shi alminiyam ne, ya fi na gargajiya juriya, amma dab da teku alminiyam zalla ya fi.

A ƙasa mai zafi launi ba ado ba ne kawai. Baƙin rufi kan haura digiri 65 a ma'aunin Celsius da tsakar rana, fari kuwa yana mayar da hasken. A bar kafar da iska za ta riƙa shiga da fita tsakanin rufi da silin. Sannan alminiyam yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, doguwar falle tana motsi kullum har ta faɗaɗa ramin ƙusa.

Inda ruwa ke sauka kamar da bakin ƙwarya, gangara da indararo ne magana. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50, lita 5,000 zai zubar. Ina za ta bi?

Iska kuma ɗaga rufi take yi, tana kama shi daga gefe da kusurwa. Can ake ƙara yawan ƙusa, a ɗaure katako da jikin gini. Irin wannan ɓarnar da guguwar Andrew ta yi a 1992 ce ta sa jihar Florida a Amurka ta tsaurara dokokin gini.

Rufin tayil fa?

Yana daɗewa, yana rage zafi da ƙarar ruwa. Amma na siminti kan kai kilo 40 zuwa 50 a murabba'in mita, kwano kuwa kusan biyar. Katakon da aka tsara don kwano ba zai ɗauke shi ba.

Yaya batun biya?

A rubuta komai: sunan kwanon, kaurinsa (0.45 da 0.55 na milimita a ido kusan ɗaya ne, a sa a auna a gabanka), irin ƙusa, maganin gara a katako, da tsawon garantin aikin hannu, wanda daban yake da na masana'anta. Ka ba da kafin alƙalami daidai gwargwado, sauran bi da bi. Kason ƙarshe ni dai ba na ganin a sake shi sai an yi ruwa, ko an hau da tiyo an jiƙa mahaɗai.

Tsohon rufina na asbestos ne, in sa a farfasa?

Kul. Ƙurarsa tana haddasa cutar daji ta huhu, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya daga 2005. Idan lafiyarsa ƙalau, barinsa ya fi taɓa shi. Idan cirewa ta zama dole, a nemi wanda aka horar: jiƙa shi yake yi, ya sauke falle-falle ba tare da yanka ko fasawa ba, da takunkumin da aka yi don irin wannan ƙura a fuskarsa.