Tallafin Gwamnati da Neman Green Card ta Hanyar Aure a Amurka

A dokar shige da fice ta Amurka akwai ƙa'idar da ke bai wa hukuma damar hana baƙo izinin zama na dindindin, wato Green Card, idan aka ga alamar zai zama nauyi a kan gwamnati. Lauyoyi suna kiranta public charge. Ma'aurata da yawa suna tsoron cewa idan wanda yake ɗan ƙasa a cikinsu yana karɓar tallafin gwamnati, kamar kuɗin abinci ko inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, to takardun ɗayan sun lalace. A ƙa'idar da ta fara aiki a 2022, ba a ɗora wa mai nema tallafin da abokin aurensa ya karɓa. Inda tallafin ke yin tasiri shi ne wajen lissafin kuɗin shigar wanda zai ɗauki nauyinsa. Don sauƙin bayani, a nan an ɗauka matar ce 'yar ƙasa, mijin ne mai nema. Hukuncin bai canzawa idan aka juya.

Asalin ƙa'idar

Ƙa'idar ta daɗe. Dokar shige da fice ta 1882 ta hana shigowar duk wanda ba zai iya riƙe kansa ba sai ya jingina da hukuma, sannan dokar 1952, wadda ake aiki da ita har yau, ta ci gaba da wannan sharaɗi a sashe na 212(a)(4). A 1996 majalisar dokoki ta zayyana abubuwan da jami'i zai duba: shekarun mai nema, lafiyarsa, yanayin iyalinsa, dukiyarsa da kuɗin shigarsa, da iliminsa da sana'arsa. Abin da dokar ba ta yi ba shi ne faɗin wane irin tallafi ne ke sa a kira mutum nauyi. Wannan giɓin ne ya bar ƙofa a buɗe, kowace gwamnati ta zo ta fassara yadda ta ga dama.

A 1999 hukumar shige da fice ta lokacin, INS, ta fitar da jagora cewa ana nufin wanda rayuwarsa ta dogara kacokan a kan gwamnati. Abubuwa biyu ne shaida: karɓar tsabar kuɗi don gudanar da rayuwa, kamar SSI na tsofaffi da masu naƙasa, ko TANF na iyalai mabuƙata, ko makamancinsu na jiha, sai kuma doguwar jinya a gidan kula da marasa lafiya da kuɗin gwamnati. Kuɗin abinci na SNAP, Medicaid (inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi) na yau da kullum da tallafin haya ba sa ciki. Jagorar ta bar ƙaramar kafa guda: idan kuɗin tallafin da wani ɗan gida ke karɓa su ne kaɗai abin da iyalin ke ci, jami'i yana iya lura da hakan.

Gwamnatin Donald Trump ta farko ta faɗaɗa ma'anar a Agustan 2019. Ta shigar da SNAP, yawancin Medicaid da tallafin gidaje, ta ce wanda ake ganin zai karɓi irin waɗannan fiye da wata 12 a cikin wata 36 ya zama nauyi. Bayan shari'o'i, ƙa'idar ta fara aiki ranar 24 ga Fabrairun 2020, aka daina aiki da ita a Maris 2021. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne, ko waccan mai tsaurin ma tallafin da mai nema ya karɓa da kansa take lissafawa, ban da na matarsa ko 'ya'yansa. Amma tsoro ya riga ya shiga gidaje. Binciken cibiyar Urban Institute ya nuna cewa a 2018, tun ƙa'idar tana matakin shawara, kusan mutum ɗaya cikin bakwai na manya a iyalan baƙi ya ce shi ko wani a gidansu ya guje wa tallafi don gudun ɓata takardu, alhali da yawansu ƙa'idar ba ta shafe su ba.

Ƙa'idar gwamnatin Joe Biden, wadda ta fara aiki ranar 23 ga Disambar 2022, ta koma ga ma'aunin 1999, ta kuma faɗi a sarari cewa ba a lissafa tallafin da wani ɗan gida ya karɓa, ko wanda mai nema ya cike wa wani takardarsa, misali uban da ya nema wa ɗansa Medicaid. A Nuwambar 2025 ma'aikatar tsaron cikin gida ta gabatar da shawarar soke wannan ƙa'ida, ta yadda jami'ai za su sami ƙarin 'yancin yanke hukunci da ganin idonsu.

Takardar ɗaukar nauyi

Nan ne ainihin wurin da maganar take. Tun bayan dokar 1996, kusan duk wanda zai sami Green Card ta hanyar dangi sai an cika masa fom mai lamba I-864, takardar rantsuwa ce da matar za ta sa wa hannu cewa za ta riƙe mijinta. Dole kuɗin shigarta ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnatin tarayya ke fitarwa kowace shekara, gwargwadon yawan mutanen gidan. A 2024 ma'aunin gida mai mutum biyu dala 20,440 ne a yawancin jihohi, saboda haka ana buƙatar dala 25,550. Sojan da ke bakin aiki, idan matarsa ko ɗansa yake nema wa, kashi 100 ya wadatar.

Karɓar tallafi bai hana matar zama mai ɗaukar nauyi ba. Sai dai tallafin da ake bayarwa saboda ƙarancin hali, irin su SSI, TANF da SNAP, ba a lissafa shi a matsayin kuɗin shiga. Kuɗin fansho na Social Security, wanda mutum ya yi aiki ya tara, ana lissafawa. To macen da take kan SSI ko TANF, da wuya a ce abin da take samu ya kai ma'aunin, domin da ya kai da ba ta cancanci tallafin ba tun farko. Tallafin alama ce ta matsalar kawai. Ƙarancin kuɗin ne ke tsayar da takarda.

Doka ta tanadi mafita. Ana iya cike giɓin da kadara, kamar kuɗin ajiya a banki ko gida. Idan 'yar ƙasa ce ke nema wa mijinta, kadarar sai ta ninka giɓin sau uku: wadda take samun dala 19,550 a 2024 tana da giɓin dala 6,000, za ta nuna kadarar dala 18,000. Ana iya haɗawa da kuɗin shigar wani babba da ke zaune a gidan, ta fom I-864A, ko albashin mijin da kansa idan yana aiki bisa izini kuma aikin zai ci gaba. Hanyar da aka fi bi ita ce samun wani ya tsaya tare da ita, ɗan ƙasa ko mai Green Card da ke zaune a Amurka, ba sai ɗan uwa ba, muddin kuɗinsa shi kaɗai ya kai ma'aunin.

Masu tsayawa da yawa suna ɗaukar abin a matsayin taimakon zumunci, ba su san alkawari ne da kotu ke tilastawa ba. Idan mijin ya karɓi tallafin mabuƙata daga baya, hukumar da ta biya tana iya neman kuɗinta daga wanda ya sa hannu, shi ma mijin yana iya kai ƙara idan ba a riƙe shi ba. Saki bai warware alkawarin. Yana ƙarewa ne idan mijin ya zama ɗan ƙasa, ko ya cika rubu'i 40 na aiki, wato kimanin shekara goma, ko ya bar Amurka ya saki izininsa, ko ya rasu.

Wanda ke cikin Amurka yana miƙa fom ɗin neman Green Card mai lamba I-485 ga USCIS, hukumar da ke kula da takardun shige da fice. Wanda ke waje, kamar ɗan Nijeriya da ke zuwa ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, jami'in ma'aikatar harkokin waje ne zai auna shi, da jagorar ma'aikatarsa. Ƙa'idar public charge ba ta shafi 'yan gudun hijira da waɗanda aka bai wa mafaka ba, haka waɗanda suka nema da kansu ƙarƙashin dokar VAWA saboda cin zarafi a gidan aure. Ba a amfani da ita wajen sabunta Green Card ko neman zama ɗan ƙasa.

A wasu ƙasashe

Kanada ta fi tsauri ta wannan fuska: wanda ke karɓar tallafin mabuƙata ba zai iya ɗaukar nauyin abokin aurensa ba, sai in naƙasa ce dalilin, kuma alkawarin riƙon shekara uku ne. A Birtaniya, bizar aure tana zuwa da sharaɗin cewa baƙon ba zai taɓa kuɗin tallafi ba, amma ɗan ƙasar yana iya karɓar abin da ya cancanta da sunansa. Ana buƙatar kuɗin shiga na fam 29,000 a shekara tun Afrilun 2024, bayan fam 18,600 da aka sa a 2012. Idan ɗan ƙasar yana karɓar tallafin naƙasa kamar PIP, ko alawus ɗin mai kula da mara lafiya, ana ɗage masa wannan adadi, sai ya nuna kawai cewa yana da abin da zai ishe su ci da wurin zama.