Martanin Laka

Martanin laka shi ne motsin da tsoka ke yi nan take, ba tare da jiran umarnin ƙwaƙwalwa ba. Laka ita ce igiyar jijiyoyin da ke cikin ƙashin baya. Tsawonta a jikin babba ya kai kimanin santimita 45, kuma jijiyoyi 31 ne ke fita daga kowane gefenta. Saƙo kan taso daga fata ko tsoka ya shiga laka, ita kuma ta mayar da amsa ga tsoka kai tsaye. Labarin yakan isa ƙwaƙwalwa, amma sai bayan an riga an motsa.

Martanin laka iri-iri ne, mafi sauƙinsu shi ne martanin miƙewar tsoka. A cikin naman tsoka akwai 'yan ƙananan zaruruwa masu auna tsawonta. In aka ja ta ba zato, sai su sanar da laka, tsokar ta tsuke. Wannan ne ke riƙe ɗan dako a kasuwar Sabon Gari lokacin da aka ɗora masa buhun masara: gwiwa ta fara lanƙwashewa, tsokar cinya ta miƙe, laka ta ɗaure ta tun bai ankara ba. Shi ne kuma abin da likita ke dubawa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika in ya bugi ƙasan ƙoƙon gwiwa da 'yar gudumar roba, ƙafa ta yi harbi. Likitocin Jamus biyu, Erb da Westphal, su suka bayyana wannan gwaji a 1875.

Abin da ba a cika lura da shi ba, alhali shi ne rabin aikin, shi ne hanawa. Yayin da tsokar gaban cinya ke tsukewa, laka na sa ta baya ta saki, don kada su yi ja-in-ja a kan gaɓa ɗaya. Charles Sherrington na Ingila, wanda ya samu kyautar Nobel a 1932, ya yi zurfin bincike a kan wannan. Darajar hanawar na fitowa fili a ciwon sarƙewar haƙora, inda dafin ƙwayar cutar ke toshe ta: tsokoki su ƙage gaba ɗaya, muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, baya ya banƙare. Allurar rigakafi na kare mutum daga wannan azaba.

A mahaɗar tsoka da agara akwai wani ma'aunin, mai ɗauke da sunan Camillo Golgi na Italiya. Shi ƙarfin ja yake aunawa. An daɗe ana ganin aikinsa kare agara ne daga tsinkewa, amma yanzu an fi karkata ga cewa daidaita ƙarfi yake yi a kowane motsi.

Sai martanin janyewa. Wanda ya taka ƙaya a gona zai ɗage ƙafar kafin ya ji zafin sosai, a daidai lokacin kuma ɗaya ƙafar ta ƙage ta ɗauki nauyin jiki duka. Ba don haka ba, da faɗuwa zai yi.

Ƙwaƙwalwa ba ta barin laka sakaka. Tana rage mata kaifi. Shi ya sa martani ke yin yawa ga mai shanyewar ɓarin jiki, wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni, gaɓoɓinsa su sandare. A shan inna kuwa, da yake ƙwayoyin jijiyar cikin laka ne suka mutu, ƙafa saki take yi, martani ya ɓace. Mai ciwon suga da ya daɗe yakan rasa martanin agarar dunduniya. In aka karci tafin ƙafar babba, babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe, alama ce ta matsala a ƙwaƙwalwa ko laka, kamar yadda Joseph Babinski ya nuna a Faransa a 1896. Ga jariri kam wannan ba ciwo ba ne, jijiyoyinsa ne ba su gama nuna ba.