Magungunan sanƙarewar tsoka ga masu cutar MS: tambayoyi da amsoshi

Me ke sa tsoka ta sanƙare a wannan cuta?

A cutar multiple sclerosis, wadda ake taƙaitawa da MS, garkuwar jiki ce ke lalata rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. Saƙon da ke sa tsoka ta saki ba ya isa yadda ya kamata, sai ƙafa ta ƙage ko ta riƙa fizga da kanta, musamman da daddare.

Wane magani likita ke fara bayarwa?

Galibi baclofen ne, wanda ke aiki a laka. Akan fara da kaɗan, misali miligiram 5 sau uku a rana, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, domin yana kawo barci da jiri da kasala. Akwai majinyacin da taurin ƙafarsa ne ke riƙe shi ya tashi daga gado ya kai kan kujera, idan kuwa aka sassauta ƙafar gaba ɗaya sai ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Shi ya sa likita ke neman adadin da zai rage ciwo da fizga ba tare da ya hana mutum tsayuwa ba. Mai ciwon ƙoda kuma sai an rage masa.

Idan bai karɓi mutum ba fa?

Akan koma ga gabapentin ko tizanidine, shi na biyun sai ana auna lafiyar hanta. Idan tsoka ɗaya ko biyu ce ta ƙage, allurar Botox kan sassauta ta na kusan wata uku. Wanda abin ya tsananta a kansa ana iya dasa masa ƙaramin famfo a ƙarƙashin fatar ciki mai zuba baclofen cikin ruwan laka.

Idan taurin ya ƙaru farat ɗaya, a ƙara magani?

A'a, a fara binciken dalili, domin ciwon mafitsara da taurin bayan gida da gyambon kwanciya duk suna tayar da shi. Mai shan tizanidine ya kiyayi ciprofloxacin, wanda aka saba bayarwa don ciwon mafitsara, saboda haɗuwarsu tana sa jini ya sauka ƙwarai.

Za a iya daina baclofen idan an samu sauƙi?

Ba a yanke shi lokaci guda, domin hakan na iya jawo farfaɗiya da gane-gane da zazzaɓi, taurin kuma ya dawo fiye da da. Likita ne zai riƙa rage shi a cikin makonni, majinyaci kuma ya ci gaba da miƙe gaɓoɓi kullum kamar yadda masu gashin ƙashi suka koya masa.